Heiner Müller: Mafassarin da Ya Fake da Shakespeare

Masu ba da tarihin Heiner Müller, marubucin wasan kwaikwayo na Jamus ta Gabas da aka haifa a 1929, sun fi ɗaukaka shugabancin da ya yi wa Berliner Ensemble, gidan wasan da Bertolt Brecht ya kafa a 1949, alhali kuwa wannan kujera ba ta kai nauyin shekarun da ya shafe yana fassara ba.

A Satumban 1961, makonni kaɗan bayan an fara gina katangar Berlin, hukuma ta haramta wasansa Die Umsiedlerin, wanda ya taɓo yadda aka tattara gonakin manoma ƙarƙashin ƙungiyoyin haɗin gwiwa, bayan an nuna shi sau ɗaya tak. Aka kore shi daga ƙungiyar marubuta, aka kuma tura B. K. Tragelehn, wanda ya shirya wasan, aikin haƙar kwal. Da aka rufe masa wannan ƙofa sai ya koma ga tsofaffin marubuta, Sophocles na Girka da Shakespeare na Ingila, domin mai tace rubutu ba ya iya tuhumar mutumin da ya mutu tun 1616 da yi wa jam'iyya mai mulki zagon ƙasa. Fakewa ce da guzuma a harbi karsana, kuma masu kallo a Berlin ta Gabas sun san karsanar da ake nufi.

A 1970 ya zama abin da Jamusawa ke kira Dramaturg a Berliner Ensemble, wato ma'aikacin da ke zaɓar wasannin da za a nuna, ya binciki asalinsu, ya gyara nassi, ya kuma zauna kusa da darakta yana yi masa gardama, aikin da marubuci Lessing ya aza harsashinsa a Hamburg a 1767. Muƙamin ya ba shi albashi da inuwa. Daga fassarar Hamlet da ya yi wa darakta Benno Besson ne Die Hamletmaschine ya fito a 1977, wasa mai shafuka kaɗan wanda ya zagaya duniya kafin a yarda a nuna shi a gida.

Shugabanci kuwa ya zo a makare. A 1992 aka naɗa shi cikin shugabanni biyar, tare da Peter Zadek da wasu, tsarin da rigima ta wargaza. Da ragamar ta koma hannunsa shi kaɗai a 1995, ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya shirya wasan Brecht na Arturo Ui a watan Yuni, ya rasu ranar 30 ga Disamba.