Sunan yaro a Gure: uba ke zaɓa, jikoki ke ɗauka

Duk wanda ke halartar bukin suna a Gure da ƙauyukan Muniyo cikin ƴan shekarun nan ya san kunne ya fara jin baƙin sunaye. Inda a da liman zai ce an samu Mamadu, ko Bukar, ko Ari, ko Umara, yau sai a ji an samu Rayyan, Aiman, Fahad, Affan ko Sultan. Dattawa na gunaguni a zaure, samarin iyaye na cewa zamani ne, riga ce. Gardamar ta tsaya a kan wane suna ya fi daɗi a baki, alhali maganar da ta fi nauyi tana wani wuri dabam, wurin da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati suka fi kowa sani, wato takarda.

A Nijar yawancin gidaje ba su da sunan zuri'a irin na Turawa, wanda ake gada daga kaka zuwa tattaɓa-kunne. Abin da ake rubutawa a takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da rajistar lakwal shi ne sunan yaro haɗe da na mahaifinsa. Ma'anar wannan kuwa ita ce, sunan da aka raɗa wa ɗa namiji ranar bakwai ba nasa ba ne shi kaɗai. Bayan shekara 25 ko 30 zai koma sunan uba a takardun ƴaƴansa maza da mata, su shiga jarrabawa da shi, su nemi aiki da shi, su tsaya gaban alƙali da shi ranar rabon gado. Uban da ya tsinci suna a wayar salula da daddare domin ya ji ya yi masa daɗi, ya zaɓa wa jikokin da bai gani ba tukuna.

Misali yana nan kusa. A 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, an raɗa wa yara da dama Saddam a ƙasar Hausa da Barno, don zuciya ta yi zafi a kan Amurka. Bayan 2001 sai aka koma Usama. Shi Usama dai yana da mafaka, domin sunan sahabi ne, Usama ɗan Zaidu, tun kafin a haifi wanda ya sa sunan ya yi tashe. Saddam kuwa ba sahabi ba ne, ba malami ba ne, kalmar ma ma'anarta mai yawan karo. Waɗancan jarirai yau magidanta ne, ƴaƴansu na amsa kira a aji da sunan wani shugaban Iraƙi da aka rataye a 2006. Siyasa ta wuce, suna ya zauna.

Kada a ɗauka sabon suna laifi ne. Da yawa daga waɗanda ake kira na zamani sun girmi garin Gure kansa. Ammar sahabi ne, ɗan Yasir. Affan mahaifin Sayyidina Usmanu ne. Rayyan, a hadisi, sunan ƙofar Aljanna ce ta masu azumi. Haidar laƙabin Sayyidina Aliyu ne. Abin da addini ya ɗora wa uba shi ne ya san ma'ana, ya zaɓi mai kyau. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha sauya wa mutane munanan sunaye. Akwai labarin da ya kamata kowane liman ya riƙa tunasarwa ranar suna: Buhari ya kawo cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Hazn, ma'ana mai kaushi, aka ba shi Sahl, mai sauƙi, ya ƙi saboda ba ya son sake sunan da ubansa ya ba shi, jikan nasa daga baya ya ce kaushin bai bar gidansu ba. Ke nan magabata ma sun san suna yana gangarowa.

Hasarar da ke tattare da yayin nan ita ce ta takwara. A Muniyo, kamar sauran ƙasar Barno da Hausa, ana mayar wa jariri sunan kakansa ko na malamin gidan, sannan don kunya a sakaya shi da Abba, ko Baba, ko Kiari, wanda a bakin Barebari ke nufin tsoho. Wannan al'ada ita ce rajistar talaka tun kafin Nasara ya zo da tawada. Da ita ake gane wane ɗan gidan wane ne, da ita ake tuna wanda ya haƙa rijiya ko ya dasa dabino a kwari. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Gure a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso, shi kansa da sunan Abdulkarim yake yawo, don ya gane cewa a wannan ƙasa suna ne ke buɗe ƙofa. Gidan da ya yi tsalle daga Bukar zuwa Fahad ba tare da ya bar wa kowane yaro sunan kaka ba, ya yanke igiyar da babu ofishin da zai ƙulla masa ita.

Sai kuma babbar matsalar, wadda ba ta iyaye kaɗai ba ce. Liman na faɗin suna da Larabci, dangi na maimaita shi da Mangaci ko Hausa ko Fulatanci, magatakarda a ma'aikatar magajin gari kuma ya rubuta shi da haruffan Faransanci gwargwadon yadda kunnensa ya ji. Ba sai an je nesa ba. Tun da aka koma tafarkin jam'iyyu da yawa, huɗu daga cikin shugabannin ƙasar da aka zaɓa suna ɗauke da sunan Muhammadu, kuma kowanne da rubutunsa: Mahamane Ousmane ɗan Damagaram a 1993, Mamadou Tandja a 1999, Mahamadou Issoufou a 2011, Mohamed Bazoum a 2021. In sunan da ya fi kowane suna yawa a ƙasar ya rabu huɗu a fadar shugaban ƙasa, ina ga Rayyan da Aiman a hannun magatakardan da bai taɓa ganinsu a rubuce ba? Yau ya sa Rayan, gobe mushe a lakwal ya ƙara harafi a ƙarshe, jibi malamin asibiti ya ninka na tsakiya.

Ma'aikaci ya san abin da harafi guda ke jawowa: takardar jarrabawa ta saɓa da ta haihuwa, a tura mutum kotu neman gyara, ko fansho ya maƙale ana jiran tabbatar da cewa mutum biyun nan mutum ɗaya ne. Ɗan kasuwar da ke kai dabbobi ko kanwa Najeriya ya san nasa, domin can da haruffan Ingilishi ake rubutu, Ousmane ya koma Usman, banki kuma ba ya jin rantsuwa. Mai niyyar aikin Hajji ma fasfo ake dubawa, ba a tambayar liman.

Doka ta ba da sarari. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, wanda ya ninka kwana bakwai na suna sau takwas da ɗoriya. Wanda ya bari lokacin ya wuce, sai ya bi ta hukuncin kotu. Abin takaici, magidanci zai yi wata guda yana neman ragon suna a kasuwar Gidigir, ya taya, ya duba haƙori, amma ba zai ɓata rabin yini ya tsaya kan magatakarda ya ga yadda aka rubuta sunan ɗansa ba. Rago a mazhabar Malikiyya guda ɗaya ne, ana cinye shi kafin mako ya zagayo. Takardar kuwa har jikoki.

Hukuma ma da nata rabon. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu hujjar a ci gaba da barin kowane magatakarda da kunnensa. Abin da ake bukata ƙarami ne: jerin sunayen da aka fi raɗawa, tsofaffi da sababbi, kowanne da rubutu guda da aka amince da shi, malaman addini da na harshe su zauna su daidaita, a aika shi ga kowace cibiyar rajista daga Gure har Kelle da Bune. Kafin wannan ya samu, liman da ke raɗa suna zai iya rubuta shi a ƴar takarda da Larabci da boko, ya damƙa wa uban yaro tare da goronsa, ya ce masa ya kai ta ofis kafin kwana 60 su cika.