Ba Kowace Sauyawar Murya Ce Aikin Aljanu Ba

Da zarar yarinya ta sauya murya, ta kira kanta da wani suna, gida ya gama yanke hukunci: iskokai ne. A turara hayaƙi, a kira mai ruƙiyya, wani lokaci har da bulala. Ban musanta samuwar aljanu ba, amma likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata larura mai wannan kama, inda hankalin mutum ɗaya ke rabuwa gida-gida, kowane ɓangare da muryarsa da halinsa. Galibi tushenta azaba ce da aka yi ta maimaita wa yaro tun yana ƙarami: fyaɗe, dukan fitar hankali, tsoron da babu wanda za a kai wa kuka. Yaron da ba shi da wurin gudu, hankalinsa ne ke gudu. Bayan ya girma, ƙanshin wani turare ko ƙarar buga ƙofa ya isa ya tayar da abin. Mace ta tsinci kanta a kasuwa ba ta san yadda ta je ba, ta ga sabon mayafi a akwatinta ba ta tuna sayensa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bulalar nan: wadda duka ya raba wa hankali, ita ake ƙara wa duka. Maganinta zama ne na dogon lokaci da likita, ana tattaunawa sannu a hankali. Akwai asibitin Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato. Iyaye, ku yi mata addu'a, ku kai ta can, ku kuma saurare ta idan ta faɗi wanda ya cuce ta.