Na'ura Na Koyar Da Tuƙin Jirgi, Amma Ba Ta Iya Koyar Da Tsoro

Matashin Dakoro da ke burin zama matuƙin jirgin sama, ɗaya daga cikin makarantu mafi kusa da shi ita ce Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. A can, kamar sauran makarantun duniya, horo iri biyu ne: na cikin jirgi na gaske, da na cikin na'urar kwaikwayo, wato ɗakin tuƙi da ke ƙasa, wanda kwamfuta ke sarrafawa tamkar yana sararin samaniya.

Amfanin na'urar ba ya musantuwa. Ba ta shan mai, ba ta jiran hazo ya washe, kuma a cikinta malami zai iya kashe inji ko ya tayar da gobara ba tare da an rasa rai ba. Sai dai ɗalibin da ke zaune ciki ya san ƙafarsa na ƙasa. Idan ya faɗi, za a danna maɓalli a sake. Damuwarsa ita ce kada ya faɗi jarabawa, alhali wanda ke sama tsoronsa rasa ransa da na fasinjoji. Irin wannan firgici yana ruɗa tunani, yana kuma cinye lokaci.

A ranar 15 ga Janairun 2009, tsuntsaye suka lalata injina biyu na jirgin US Airways a birnin New York na Amurka. Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kogin Hudson, mutum 155 suka tsira. Da masu bincike suka maimaita lamarin a na'ura, wasu matuƙan sun iya komawa filin jirgi, saboda sun san abin da ke tafe. Da aka ƙara daƙiƙa 35, lokacin da mutum ke buƙata ya fahimci abin da ya same shi, sai jirgin na'urar ya kasa kaiwa. Tazarar da ke tsakanin gwaji da zahiri ke nan.

Ƙasar Hausa ta ɗanɗana wannan darasi da hawaye. A ranar 29 ga Oktoban 2006, jirgin kamfanin ADC da zai je Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Bincike ya nuna an tashi cikin hadari, iska ta juya kwatsam, matuƙan kuma ba su bi matakan kuɓuta daga irin wannan iska daidai ba. Duk wanda ya taɓa ganin guguwar farkon damina ta rufe Dakoro ko Maradi ya san ba ta yin sallama.

Mafita ba ita ce watsi da na'ura ba. Abin da ya kamata shi ne malamai su daina sanar da ɗalibi matsalar da zai gamu da ita, su riƙa jefo masa ita ba zato. Kada kuma tsadar mai ta zama hujjar rage sa'o'in tashi na gaske. Tun daga 2019, Tarayyar Turai ta wajabta wa sabbin matuƙan jiragen fasinja koyon daidaita jirgin da ya ƙwace a cikin jirgi na gaske, inda jiki ke jin abin da kujerar ƙasa ba za ta nuna ba.

Wajibi ne hukumomin sufurin sama na Nijar da Najeriya su sa ido sosai a kan haka. 'Yan ƙasar waje da ke biya wa ƙanne kuɗin wannan karatu mai tsada su ma su tambaya: sa'a nawa yaron ya yi a sama? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.