Alhaji Ya Sauka, Gona Tana Jira

Yau zancenmu a kan komowar alhazai ne. Malamai sun yawaita wa'azi bisa ɗaura harami da ɗawafi da tsayuwar Arfa, amma kaɗan ne su ke gaya wa mahajjaci yadda zai zauna gidansa bayan ya sauko daga jirgi.

Kakanninmu da ƙafa da jakuna su ke tafiya. Su tashi daga Kano su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su kai Sawakin bakin Bahar Maliya, sa'an nan su ƙetare zuwa Jidda. Shekaru su ke yi a hanya, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma ko ɗinki ko tsinkar auduga a Sudan, su tara abin ci gaba. Waɗansu ma can suka zauna, kamar jama'ar da ta bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda Allah ya nufa da komowa kuwa, da kantar fartanya a hannunsa ya ke iso gida, don aiki bai taɓa rabuwa da shi ba.

Yau fa jirgin sama cikin awa biyar ko ƙasa da haka ya ke ɗauko mutum daga Jidda ya ajiye shi Kano. Jiki ya iso, zuciya tana can. Kwana bakwai gida cike da masu barka da zuwa, ana kurɓar zamzam, ana raba dabino da carbi da darduma. Daga nan jama'a ta watse, sai Alhaji ya waiwaya ya ga buhun hatsi ya yi ƙasa, kuɗin makarantar yara ya taso, mai bin bashi yana sallama a zaure. Masallacin unguwa da ya saba da shi ya yi masa ƙanƙane, kasuwa ta yi masa hayaniya. A nan ne kasala ke shiga. Mun ga wanda ya shimfiɗa darduma ƙofar gida wata guda cur yana ba da labarin Safa da Marwa, rumfarsa a rufe. Mun ga wanda ya ke jin kunyar saɓa fartanya, wai kada a ce Alhaji na noma.

To, jama'a, damina ba ta san laƙabi ba. A 2024 ran 15 ga Yuni aka tsaya Arfa, a 2025 kuwa ran 5 ga Yuni, watau alhazai sun komo gero da dawa suna neman noma. Wanda ya ƙara mako uku yana hutawa, ciyawa ta riga ta raba gonar da shi, kaka ta zo ya shiga awo kamar wanda bai shuka ba.

Wani zai ce ai mai doguwar tafiya ya cancanci hutu. Gaskiya ne. Zafin Makka da cunkoson Mina ba wasa ba ne, da yawa da tari da mura su ke komowa, tsofaffi kuma ƙafafu a kumbure. A huta kwana uku ko bakwai, a nemi magani, a rama barci. Iyali ma su tausaya, su daina auna ƙaunar Alhaji ko Hajiya da girman tsaraba, don wannan awon shi ke jefa mutane cikin bashi tun ba su baro Jidda ba. Amma hutun da ba shi da ranar ƙarewa ya zama zaman banza.

Malamai sun ce alamar karɓaɓɓen hajji ita ce mutum ya komo ya fi yadda ya tafi. A ina za a ga wannan in ba a wurin sana'arsa ba? Mai awo ya cika mudu, tela ya cika alkawari, ma'aikaci ya iso ofis kan lokaci, Hajiya ta sasanta da abokiyar zamanta. Wanda ya yi ta gaggawar samun sahu a Harami, a gan shi sahun farko da asuba a masallacin unguwarsu. Ya fara biyan wanda ya ranta masa kafin ya ɗinka sabuwar riga.

Saboda haka mu ke kira ga alhazanmu, kowa ya sa wa kansa ranar buɗe rumfa tun kafin ya kwance kaya. Allah ya karɓi ibadarsu, ya kira waɗanda ba su je ba, ya ba mu damina mai albarka, amin.