Ba A Raba Wuta Da Zafi, Ko A Wasan BattleTech

Yau ba zancen kasuwa zan yi ba, gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokina a nan Agege a kan BattleTech, wasan yaƙin da kamfanin FASA na Amurka ya fitar a 1984. A wasan, manyan mutum-mutumin ƙarfe masu tan 20 zuwa 100 ne ke gwabzawa a ƙarni na 31, kuma injinsu na haɗe ƙwayoyin zarra ne, irin aikin da ke sa rana haske.

Abokina ya ce tunda injin yana ba da ƙarfi ba iyaka, mu soke dokar zafi, don tana jawo wa wasa nawa. Ni na ce ban yarda ba, ga kuma hujjata.

Dokar ita ce, duk harbin da ka yi da duk gudun da ka yi ana rubuta maka zafi. Injin yana zuwa da na'urorin shanye zafi guda 10, kamar lagireton mota, abin da suka kasa shanyewa sai ya taru. Idan ya kai 5 gudunka ya ragu, a 8 saitinka ya fara lalacewa, daga 14 injin na iya mutuwa, daga 19 harsasan da ka ɗauko na iya fashewa da kai, a 30 kuwa dole ya mutu.

To wannan ita ce dokar da ta fi kusa da gaskiya a wasan. A zahiri, sai an dafa nau'o'in haidirojin biyu sun wuce digiri miliyan 100 kafin su haɗe. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin yana fita ne da ƙwayoyin nutiron, waɗanda maganaɗisu ba ya riƙe su. Sai dai su daki bango, bangon ya yi zafi, a juya zafin ya zama lantarki, kuma ba duka yake juyuwa ba. Ragowar ina za ta? Duk wanda ya taɓa jikin janareton shago da azahar ya san amsa.

Nutiron ɗin kuma suna illata ɗan Adam, don haka sai da garkuwa mai kauri. Masu wasan sun lura da haka: idan ka sa wa tanka irin wannan injin, nauyinsa yana ƙaruwa da rabi saboda garkuwa. Idan ka zaɓi injin mai, ka ɗauki ninki biyu na nauyi. Kowane zaɓi da kuɗinsa, kamar kaya a kasuwa.

Na yarda akwai ƙarya a wasan, ita ce girman injin. Na Atlas mai tan 100 tan 19 ne kacal, alhali na'urar ITER da ake ginawa a Faransa za ta kai tan 23,000, kuma ba za ta ba kowa lantarki ba, ta gwaji ce. Ko nasarar da aka samu a Amurka a Disambar 2022, megajul 2.05 na leza ya shiga, 3.15 ya fito, amma na'urorin lezar sun sha kusan 300 daga layin wuta. Wannan ƙaryar guda ɗaya na karɓe ta, don ba wasa sai da ita. Ta biyu ce ba zan karɓa ba.

Idan aka cire zafi, me ya rage? Kowa ya saki makamansa gaba ɗaya, mai babban ƙarfe ya ci. Amma da dokar, sai ka tsaya ka yi lissafi: in harba duka yanzu in tsaya cak a gaban abokin gaba, ko in yi haƙuri in shiga rafi in huce? A nan ake gane gwani.

Malam, ka bar mana dokarmu. Wanda yake ganin na yi kuskure ya zo ran Lahadi bayan la'asar mu buga. Wassalam.