Ledar Rogo, Amma Ban Da Rogon Tukunya

Jama'a, duk wanda ya zaga garin Lafiya bayan an ɗauke ruwan sama ya san aikin leda. Ta toshe lambatu, ta ɓata gona, kadan akuya ta haɗiye ta kuwa sai wuƙa. Asalinta daga man fetur ne, kuma takan yi shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. Don haka ne ƙasar Kenya ta hana ta a 2017.

To, masana sun samo dabarar yin roba da tsiro. Ita roba kamar carbi take, watau ƙananan ƙwayoyi ne iri ɗaya aka jera suka yi tsawo. Akan tace sitaci daga masara ko rogo, a mai da shi sukari, sa'an nan a bar waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu su sa shi tsami. Tsamin nan shi ne dai wanda muke ji a cikin nono. Shi ake sarƙawa ya zama roba. Tun 2002 ake wannan aiki da masara a jihar Nebraska ta Amurka. A 2010 mutanen Birazil suka buɗe tasu ma'aikatar, su da rake suke yi.

Ni a ganina bai kamata a bar mu a baya ba. Nijeriya ta fi kowace ƙasa ta duniya noman rogo, kimanin tan miliyan 60 a shekara, mu nan Nasarawa kuwa rogo ba baƙonmu ba ne. Amma ina da jan kunne guda biyu.

Na farko, rogo abincin talaka ne. Kadan ma'aikata ta shiga kasuwa tana kwasarsa, lalle mudun gari zai hau, a gyara lambatu a ɓata ciki. Gara a fara da ɓawon rogo da farin ruwan nan da masu yin gari suke zubarwa, gama akwai sitaci a cikinsu.

Na biyu, ba kowace robar tsiro ce take ruɓewa ba. Ta Birazil daidai take da ta fetur wajen daɗewa. Ta tsamin nono kuma sai a juji mai zafin kusan digiri 60 take ruɓewa da sauri. Saboda haka shara tana nan wuyanmu.

Ya 'yan'uwana masu koyon malanta, ga namu rabon. A dama sitacin rogo da ruwa, a ɗiga ruwan kal da giliserin, a dafa, a shimfiɗa a faranti ya bushe. Za a ɓamɓaro wani abu shara-shara kamar leda. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba zai ƙara cewa kimiyya ta Turawa ce kaɗai ba, watakila ma shi ne zai ɗora a Jami'ar Tarayya ta Lafiya.

Allah ya sa mu dace, amin.