Wasiƙa ga Masu Gyaran Jita da Malaman Kiɗa: A Zo da Hannun Tukuna

Daga Achika, Ƙaramar Hukumar Wudil, Jihar Kano

Zuwa ga masu haɗa kayan kiɗa, da masu gyara da sayar da jita, da malaman da ke koya wa yara kiɗa.

Maganar da ta sa na rubuto muku ita ce ta jita mai tsarkiya goma sha biyu, da mai ƙaramin hannun da ake saya wa ita. Na san wani zai ce ina ruwan mutanen Achika da abin da ba a kasa shi a kasuwar Juma'a ta Wudil, abin da sai an shiga Kano an bi shagunan Sabon Gari, ko an yi saƙo daga Legas ko ƙasar waje. To ai nisan ne ya sa kuskure a kanta yake da tsada. Kayan da aka yi wa tafiyar kilomita 40 ko fiye ba a mayar da shi da daɗin rai, sai dai a jingine a bayan ƙyaure. Ga kuma matasa suna ta kallon masu jita na Agadas a waya, ga ɗaliban jami'ar Wudil, ga iyayen da ke son faranta wa ɗa rai da abin da ya fi kowane kyan gani a shago. Roƙona ɗaya ne: kada ku sayar, kada ku ba da shawara, kada ku karɓi kuɗin gyara, sai mai kaɗawar ya zo da kansa kun ga hannunsa a kan wuyan jitar. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Bari mu fara da sanin halinta. Jitar da aka saba da ita tsarkiya shida gare ta. Wannan kuwa kowace tsarkiya an yi mata tagwai, sai suka zama bibbiyu har layi shida. A layi huɗu masu kauri, abokiyar zaman siririya ce, murya ɗaya suke bi amma ita tana can sama, kamar uba da ƙaramin ɗansa suna rera baiti guda. A layi biyu na ƙarshe kuwa muryar daidai take. Daga nan ne zaƙin nan yake fitowa, wanda ke sa mutum ɗaya ya ji kamar mutum biyu ne ke kiɗa, kuma shi ne ke ruɗar mai saye. Amma zaƙin da farashinsa yake zuwa. Siraran tsarkiyoyi shida na ƙarfe suna jan jikin jita da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70. Sha biyu kuwa sun haura kilo 110. Ku ɗauka buhun masara ne cikakke, da ɗoriya, aka rataya dare da rana a jikin katakon da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Saboda wannan nauyi ne masu ƙera ta suke ƙara mata ƙwarin ciki, su kaurara wuya, su faɗaɗa shi domin tsarkiyoyin su sami wurin zama. Duk abin da aka ƙara mata don ta jure, daga hannun mai kaɗawa ake cirar kuɗinsa. Kan yatsa ɗaya ne zai danne waya biyu a lokaci guda, ɗaya mai kauri ɗaya siririya, kuma dole dukkansu su taɓa ƙarfen gaɓa. In tsokar yatsan ba ta da faɗi, sai mai kaurin ta kwanta, siririyar ta tsere ta gefe tana zizar ƙuda.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan matsala ba ta taɓa zama tamu ba sai da kayan kamfani suka shigo. Ku dubi garaya, ko gurmi, ko molo. Wuyansu sanda ce zagayayya da hannun yaro ma ke iya rungumewa. Babu ƙarafan gaɓa da za su ce wa yatsa ga inda za ka sauka ko ka so ko ka ƙi. Tsarkiyar kuma da kallabin fata ake ɗaure ta a jikin sandar, a tura shi sama ko a janyo shi ƙasa, wato tsawon abin da ake kaɗawa yana hannun mai kaɗawa. Tsarkiya biyu ce a garaya, uku a molo. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsarkiya ɗaya tal ya zaga duniya, a kan kuntigin da bai fi a rufe shi da tafin hannu biyu ba. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi sunansa. Ban kawo su don in ce a bar jita a koma gida ba. Na kawo su ne don in tuna muku cewa a wannan sana'a tamu kayan kiɗa ne ke bin mutum, kuma masu sassaƙa a cikinku ba su taɓa buƙatar wani ya koya musu haka ba. Jita kuwa da awonta take fitowa daga masana'anta, awon ƙaton namiji. Tunda ba za ta bi hannu don kanta ba, ku ne za ku tilasta mata, ko ku nemo wadda ta dace.

Abu uku ake aunawa, kuma na ukun ya fi na biyun farko muhimmanci ko da yake shi aka fi mantawa. Na farko faɗin wuya a can sama kusa da kunnuwa. Na mai tsarkiya shida yakan zama milimita 43 ko kusa da haka, na mai sha biyu kuwa 47 zuwa 48. Rabin santimita ba komai ba ne a ido, amma ga wanda zai kwantar da manuniya ta danne layi shida gaba ɗaya, shi ne tsakanin kiɗa da ciwon wuyan hannu. Ku duba kaurin bayan wuyan ma, domin wuya mai faɗi amma siriri ya fi mai ƙiba sauƙin riƙo. Na biyu tsawon tsarkiya daga matashin sama zuwa jaki. Manyan jitoci sukan kai milimita 648, akwai masu 628, akwai ƙanana masu 597. A mai 648, daga matashi zuwa ƙarfen gaɓa na huɗu milimita 134 ne, a mai 597 kuwa 123. Santimita guda ke nan aka rage wa taƙin yaro, kuma a nan wajen ne mai koyo yake kwana yake tashi. Gajartar tana da wata riba: in muryar ɗaya ce kuma wayar ɗaya ce, jan da tsarkiya ke yi yana raguwa da kusan kashi 15 cikin ɗari. Na uku shi ne tazarar da ke tsakanin tsarkiya da ƙarafan gaɓa. Wannan ba ya buƙatar wani injin awo. Katin ATM kaurinsa ya ɗan haura kashi uku cikin huɗu na milimita. Ku haɗa guda uku, ku zura su ƙarƙashin tsarkiya mafi kauri a kan ƙarfe na goma sha biyu. In sun shiga suna ɗan gogar wayar, jitar ta yi. In akwai sauran wurin kati na huɗu da na biyar, wannan ba jitar yaro ba ce, ko babba ma wahala zai sha. Sai kuma ku danne tsarkiya a gaɓa ta uku ku leƙa ƙarfe na farko: abin da ya rage tsakaninsu bai kamata ya fi kaurin takarda ba. Jitoci masu araha galibi da matashi mai tudu suke zuwa, kuma ɗan aikin zarto na rabin awa a hannun wanda ya iya yakan mayar da jitar da aka yanke wa ƙauna abar so. Wanda bai iya ba kuwa ya bari, domin ramin da aka zarce ba ya cikowa.

Girman jiki ba sai an daɗe a kansa ba. Yawancin masu sha biyu manya ne, faɗin gindinsu santimita 40 ko fiye. In mai kaɗawa ya zauna ya rungume ta, kafaɗarsa ta dama ta ɗaga sama kamar mai ɗaukar tulu, to ta fi ƙarfinsa.

Akwai dabarar da ba ta cin ko sisi, amma wasu malamai suna ganinta kamar ha'inci. A sassauta dukkan tsarkiyoyi a sauko da murya gaɓa biyu, sannan a maƙala abin matsin nan da ake kira kafo a gaɓa ta biyu. Muryar ta koma inda take, amma jan wayoyin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, gaɓoɓin da hannu zai yi aiki a kansu sun ƙara matsowa kusa da juna, kuma tudun matashi ya fita daga lissafi. Wannan ba sabon abu ba ne. Lead Belly, Baƙar fatan Amurka da ya rasu a 1949, wanda ake wa laƙabi da sarkin wannan jita, ƙasa sosai yake saukar da muryar tasa. In sarki ya sassauta, ban ga dalilin da za a ɗaure wa ɗan shekara goma sha ɗaya ba. Sassautawar tana kuma ceton siririyar wayar layi na uku, wadda ta fi kowace tsinkewa domin ita ce mafi siranta kuma ita aka fi ɗaga wa murya. Wanda ya san cewa sai ya je Kano kafin ya sami madadinta, kuma sau da yawa sai ya sayi ƙunshin gaba ɗaya, zai gane darajar wannan.

Yanzu ga abin da za a ce mini. Uba zai ce ai yaro girma yake, a sayi babba ya girma a cikinta, kamar yadda ake ce wa tela ya saki rigar salla. Riga tana jira, Alhaji. Ana naɗe hannunta bana, baɗi a warware, kuma ba ta yi wa yaro rauni a tsakani. Jitar da ta fi ƙarfin hannu kuwa ba ta barin yaro yadda ta same shi. Zai koyi karya wuyan hannu don ya kai, zai koyi matse wuyan jitar da babban yatsa kamar mai murɗe kaza, kuma ko bayan hannun ya girma wannan riƙon ba ya barinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma karkatar ma tun yana ɗanye take shiga. Mafi yawa ma ba sa kaiwa nan, wata biyu su ajiye. Sannan ba kowane ƙaramin hannu ne na yaro ba. Akwai mata, akwai maza manya masu gajerun yatsu, waɗanda hannunsu ya gama girman da zai yi. Masu koyar da gogen Turawa sun daɗe da raba gardama: suna da rabi, da rubu'i, har da kashi ɗaya cikin goma sha shida, yaro yana girma ana canza masa.

Malamin kiɗa kuma zai ce wahala ita ce makaranta, sai yatsa ya yi kanta ake zama gwani. Kanta dole ce, ban musa ba, kowace wayar ƙarfe sai ta ci fata kafin fata ta saba. Amma ku raba zafin fata da zafin gaɓa. Na fata yana wucewa cikin makonni. Wanda ke tashi daga wuyan hannu ya hau zuwa gwiwa gargaɗi ne, kuma haƙuri ba ya maganinsa. Za a kawo mini Django Reinhardt, wanda gobara ta lalata wa yatsu biyu na hagu a 1928 amma ya zama abin kwatance a Faransa da duniya. Sai dai a tuna cewa kafin gobarar ya riga ya zama makaɗin da ake biya, da gwanintarsa ya shiga wahalar. Za a kawo Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Shi ma ai hujjata ce: da hannunsa ya yi ta, daidai jikinsa, kuma bahago ne, ya riƙe ta yadda ta yi masa. Ba a gina makaranta a kan mutum ɗaya da ya tsira, a manta da tarin da suka gudu. A zamanin da fiyano da kwamfuta suka cinye situdiyo a Kano, duk yaron da ya ce yana son ya kaɗa tsarkiya da yatsunsa dukiya ne, ba mu da rarar da za mu yi asara.

Sai iskarmu, wadda masu ƙera jita a ƙasashen waje ba su yi shawara da ita ba. Katakon jita yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Da hunturu a ƙasar Kano yakan faɗi ƙasa da 20, katako ya tsuke, fuskar jita ta tsage, bakin ƙarafan gaɓa ya fito yana yankar yatsa. Da damina kuma ya kumbura, fuskar ta yi ciki, tsarkiyoyi su ɗaga sama. Jitar da kuka auna da kati uku a watan Janairu tana iya neman na huɗu a Agusta, don haka awon ba na rana ɗaya ba ne, kuma sandar ƙarfen da ke cikin wuya don irin wannan aka sa ta. A nan mai araha tana da ranarta, domin fuskar da aka yi da falle-fallen katako manne da juna ta fi ta katako guda jure wannan kai-komo, ko da muryarta ba ta kai ba. In ta hannu ce aka kawo, ku zura takarda a bayan jaki. In ta shige, jakin ya fara ɗagowa, kuma nauyin buhun nan ba zai bar shi ya koma ba.

Na san mai shago ba don Allah kaɗai ya buɗe ba, kuma babbar jita ta fi riba. Amma wanda aka sayar wa abin da ya iya kaɗawa shi ne mai dawowa sayen waya, da kafo, da gyara, da jita ta biyu, ya kuma jawo abokinsa. Wanda aka yi wa dole sau ɗaya ake ganinsa. In an yi duk dabarun nan hannu bai kai ba, ku faɗi gaskiya: a fara da ƙaramar mai tsarkiya shida, ko a cire tagwayen a riƙa mayar da su layi-layi yayin da yatsu ke ƙarfi, ko da yake wannan ba ya rage faɗin wuya. In ma kuɗin bai kai ba, gurmi bai yi wa kowa kaɗan ba.

Don Allah, ranar da wani ya shigo muku da kuɗi a hannu ya ce a ba shi mai sha biyu zai kai wa ɗansa ko ƙanwarsa, ku ba shi kujera da ruwa, ku ce ya koma ya zo da mai hannun.